Jiragen Ethiopian Airlines: 737 MAX ya gyaru kuwa, kuma yaya aikin gyaransu yake?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga injiniyoyi da matuƙa da duk wanda ya san harkar jiragen sama. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu masu zuwa Gwanzu da Dubai da Mumbai ta Adis Ababa suke bi, a jirgin Habasha, kuma gardama ta ƙi ƙarewa a tsakaninmu. Wasu sun ce tun hatsarin 2019 sun daina yarda da jirgin 737 MAX, ƙirar Boeing, ko na wane kamfani ne. Wasu sun ce ai sabon jirgi ko yaya yake ya fi tsoho. Wasu kuma ba jirgin ne damuwarsu ba, gyaran ne: wai kamfanin da ke sayen jirage da buɗe hanyoyi da irin wannan sauri, anya zai iya kula da su yadda ya kamata?

Don Allah a fayyace mana. Me ya lalace a MAX, kuma me aka gyara takamaimai? Sauran matsalolin da aka ji jiragen kamfanin sun samu, daga masu ƙerawa ne ko daga masu gyara? Me ke sa a sauya jirgi ko a sauya hanya? Ba kwantar da hankali nake nema ba, bayani nake so wanda zan iya maimaitawa a gaban mutane.

Injiniyan Jirage ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in ɗauki maganar MAX tukuna, don ita ce ta fi tsaya wa mutane a rai.

Daga inji abin ya faro. 737 jirgi ne mai gajeriyar ƙafa, tun 1967 ya fara tashi, cikinsa kusa da ƙasa yake. Injin 737-800, wato CFM56, faɗin fankarsa inci 61 ne. Na MAX, wato LEAP-1B, inci 69 da ɗoriya. Babu wurin rataye shi inda aka saba, sai aka matsar da shi gaba aka ɗaga shi sama. To idan jirgi ya ɗaga hanci sosai, murfin injin nan sai ya zama kamar ƙarin fiffike, yana ƙara tura hancin sama. Maganin da Boeing ya yi shi ne wata manhaja mai suna MCAS, wadda ke murɗa fiffiken wutsiya na kwance ta danne hancin ƙasa da kanta.

A gefen hancin jirgi, dama da hagu, akwai wani ɗan ƙarfe kamar ƙaramar tuta, yana juyawa da iska, yana auna kusurwar da iska ke dukan fiffike. Guda biyu ne, amma kafin a yi gyara MCAS ɗaya kawai take saurara a kowace tafiya. Idan wannan ɗayan ya yi ƙarya, babu mai ƙaryata shi. Kuma kowane bugu tana murɗa wutsiyar digiri 2.5 cikin kusan daƙiƙa 10. Matuƙi ya danna madannin da ke kan sitiyari ya mayar, ya saki, bayan daƙiƙa 5 ta sake. Bugu biyu da ba a mayar ba sun isa su kai wutsiyar kusa da ƙarshenta, inda ƙarfin hannun mutum ba zai iya ɗago hancin ba. Abin da ya fi ciwo, kafin hatsarin farko ba a sa bayaninta a littafin matuƙa ba.

Na farkon shi ne na jirgin Lion Air a Indunusiya, ranar 29 ga Oktoban 2018, mutum 189 suka rasu. A can akwai hannun gyara a ciki: ma'aunin kusurwar da aka sa wa jirgin tsoho ne da aka gyara a wani shago a Florida, kuma saitinsa ya kauce da digiri 21. Na Habasha kuwa, jirgi mai lamba ET-AVJ, a Nuwambar 2018 aka karɓo shi daga kamfani, wata huɗu ke nan. Ranar 10 ga Maris 2019 ya tashi zuwa Nairobi, ana rabuwa da ƙasa ma'aunin hagu ya tsallaka zuwa digiri 74 da ɗoriya, abin da ba zai yiwu a jirgin fasinja ba. Minti shida ya yi a sama ya faɗi kusa da Bishoftu da mutum 157, cikinsu har da 'yan Najeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. Jirgi ɗan wata huɗu bai ma kai lokacin babban sabis ba, don haka masu cewa sabo ya fi tsoho su riƙe wannan.

Abin da aka gyara kafin hukumar Amurka, FAA, ta sake shi ranar 18 ga Nuwambar 2020: yanzu kwamfutar tana kwatanta ma'aunai biyun, idan sun saɓa da digiri 5.5 ko fiye, MCAS ta mutu har a sauka, kuma gargaɗi ya fito a gaban matuƙi. Idan ma ta yi aiki, sau ɗaya take bugawa, ba ta maimaitawa sai kusurwar ta koma daidai. An kuma rage mata ƙarfi ta yadda jan sitiyari zai rinjaye ta. An raba wasu wayoyin da ke zuwa motar wutsiya, waɗanda aka gano sun yi kusa da juna. Sannan an wajabta wa kowane matuƙin MAX ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙi ya gwada wannan yanayin da hannunsa. Turai ta sake shi a Janairun 2021, Najeriya a Fabrairun shekarar. Ethiopian kuwa bai mayar da nasa bakin aiki ba sai 1 ga Fabrairun 2022, yana cikin na ƙarshe.

Ra'ayina, wannan ƙofar an toshe ta. Idan wani ya kawo maka zancen jirgin Alaska Airlines da murfin ƙofa ya fice masa a sama ranar 5 ga Janairun 2024, ka ce masa wannan MAX 9 ne, kuma ƙusoshi huɗu ne ba a mayar ba tun a masana'anta. Na Habasha MAX 8 ne, ba shi da wannan murfin a tsakiyar jiki.

Kyaftin ya rubuta:

Injiniya, bayaninka ya yi, amma kada Alhaji ya tafi da cewa labarin ƙarfe da manhaja ne kaɗai.

Rahoton ƙarshe na hukumar binciken Habasha ya fito a Disambar 2022, ya ɗora alhakin a kan MCAS, ya kuma ce matsalar lantarki ce ta lalata ma'aunin. Masu binciken Amurka, NTSB, da na Faransa, BEA, ba su musa laifin MCAS ba, amma sun fito fili sun ce rahoton ya bar abu biyu. Na farko, alamu sun fi nuna wani abu ne, mai yiwuwa tsuntsu, ya doki ma'aunin ya karya shi. Na biyu, aikin matuƙan. An bar injuna a kan kusan kashi 94 cikin ɗari, ƙarfin tashi, har ƙarshe. Gudu ya wuce iyakar da aka yarda wa jirgin. Matuƙan sun kashe makunnai biyun da ke yanke wa motar wutsiya wuta, kuma daidai suka yi. Amma bayan an kashe, sai dai a juya wilin hannu da ke gefen gwiwa, kuma da irin wannan gudun iska ta danne wutsiyar, wilin ba ya juyuwa. Da suka rasa yadda za su yi suka mayar da wutar, MCAS ta sake bugawa. Kyaftin ɗin yana da awa sama da 8,000, mataimakinsa awa 361. Ba ina zarginsu ba ne, Allah Ya sani: sitiyari na girgiza, ƙararrawa na ta ihu, ma'aunin gudu na dama da na hagu sun saɓa, ga duwatsu a gaba. Ina cewa ne horo da yadda ake haɗa sabon hannu da tsohon hannu suna cikin abin da ake auna kamfani da shi.

Kuma idan aka duba tarihin kamfanin, manyan hatsarinsa ba daga garejin gyara suka fito ba. Na Bahir Dar a Satumbar 1988, garken tantabaru ne ya shige injuna biyun wani 737 yana tashi. Na Nuwambar 1996 fashi ne, aka tilasta wa 767 tafiya har mai ya ƙare ya faɗa teku a tsibiran Komoros. Na Beirut, 25 ga Janairun 2010, 737-800 da mutum 90, masu binciken Labanan sun ce matuƙa ne jirgin ya ƙwace wa cikin dare da hadari, kamfanin kuma bai yarda da rahoton ba. Sai na Agustan 2022, jirgin da ya taso daga Khartum ya wuce saman Adis Ababa yana ƙafa 37,000 bai fara gangarowa ba, rahotanni suka ce barci ya ɗauke matuƙan biyu, aka dakatar da su. Ya sauka lafiya. Ni wannan na ƙarshen ya fi damuna da duk wata maganar ƙusa, domin kamfani mai girma da sauri gajiyar ma'aikata ce ke fara kama shi, kuma ba a ganinta da ido kamar yoyon mai.

Wani abu da 'yan kasuwa ya kamata su sani game da filin Bole. Tsayinsa ya haura mita 2,300 daga teku. Iskar wurin ta fi ta Legas rashin kauri da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Inji yana shaƙar iska kaɗan, fiffike yana samun tallafi kaɗan, don haka jirgi sai ya yi gudu mai yawa a ƙasa kafin ya ɗaga, duk da titin ya kai mita 3,800. Taya tana da iyakar gudun da aka rubuta a jikinta, birki yana da iyakar zafin da zai iya sha idan aka fasa tashi, kuma doka ta ce lallai jirgi ya iya hawa ko da inji ɗaya ya mutu a daidai lokacin tashi. Waɗannan su ke yanke nauyin da za a ɗauka. Da rana ta yi zafi nauyin ya ƙara raguwa. Ba a taɓa man da doka ta wajabta a ɗauka, ba a son sauke fasinja, to me ya rage? Kaya. Idan ka ji an ce dila ta biyo jirgin gobe, sau da yawa lissafin nan ne, ba lalacewa ba.

Hajiya Mai Tsara Tafiye-tafiye ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni zan taɓa jiragen da hanyoyin.

Kamfanin na gwamnatin Habasha ne, ya fara tashi 8 ga Afrilun 1946 zuwa Alƙahira, da taimakon kamfanin TWA na Amurka. Yau jiragensa sun haura 130, kuma gauraye ne. Na cikin gida da gajerun hanyoyi Dash 8 ne mai farfela. Na cikin Afirka da Gabas ta Tsakiya 737-800 da MAX 8, kujeru wajen 160. Na nesa 787, wanda ya fara karɓa a Agustan 2012, kujeru wajen 270 a ƙaramin, da A350-900 tun Yunin 2016 mai kujeru sama da 340, da 777. A Nuwambar 2024 ya karɓi A350-1000 na farko a Afirka. A bajekolin Dubai na Nuwambar 2023 ya ƙara odar MAX 8 guda 20 da 787-9 guda 11, wato bai juya wa MAX baya ba.

Gaurayen nan yana da amfani yana da wahala. Amfaninsa, idan aka dakatar da iri ɗaya, kamar yadda aka yi wa 787 a Janairun 2013 kan batir ko MAX a 2019, sauran suna riƙe hanyoyin. Wahalarsa, kowane iri da kayan gyaransa, da makanikan da ke da lasisinsa, da matuƙansa. Matuƙin A350 ba zai tuƙa 787 don an rasa mutum ba.

Sauya jirgi yawanci lissafin kujeru ne da kaya. Idan saura kwana biyu aka ga mutum 140 ne a jirgi mai kujeru 270, ga kuma wata hanya ta cika ta batse, za a musanya. Lokacin Umra da hutun ƙarshen shekara abin ya juya. Wani lokaci kuma jirgin da aka tsara ne sabis ɗinsa bai ƙare ba.

Sauya hanya kuwa, mafi yawansa ba ruwansa da lafiyar jirgi. Da aka rufe titin filin Abuja na mako shida daga 8 ga Maris 2017, yawancin kamfanonin waje sun ƙi zuwa Kaduna, Ethiopian ya je da 787, kuma shi ya fara sauka a Abuja da A350 da aka buɗe a Afrilu. Da aka rufe Inugu a Agustan 2019 ya koma Fatakwal. Khartum yaƙi ne ya yanke ta a Afrilun 2023, kuma rufe sararin Sudan ya sa jirage da yawa masu tsallaka nahiyar daga yamma zuwa gabas yin zagaye, wanda ke nufin ƙarin mai da ƙarin lokaci. Daga Kano zuwa Adis ya haura kilomita 3,000, don haka ko ɗan zagaye yana shiga lissafin nauyi. Asmara kuma rikici da hukumomin Iritiriya ne ya tsayar da ita a Satumbar 2024.

Wadda ta shafi abin da Kyaftin ya faɗa ita ce hanyar Amurka. Jirgi ba ya iya tashi daga Bole da cikakken mai da cikakken kaya zuwa can, shi ya sa yake tsayawa shan mai a Roma ko Dublin a lokuta daban-daban, amma dawowa kai tsaye yake yi. Wasu kuma ta Lome ake bi da su, inda abokin hulɗarsa, kamfanin jirage na ASKY, yake tara musu fasinjojin Afirka ta Yamma. Yana cikin dalilan da suka sa sabon filin da suka tsara yake wajen Bishoftu, inda ƙasa ta fi Adis gangarawa.

Ɗan Kwari ya rubuta:

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru. Injiniya, saura maganar gyaran kansa. Ana cewa jirgi yana iya tashi alhali an san wani abu a cikinsa ba ya aiki. Gaskiya ne? Idan gaskiya ne, ina iyakar abin? Kuma mu da ba ma shiga garejinsu, da me za mu gane ana yin aikin?

Injiniyan Jirage ya rubuta:

Gaskiya ne, Alhaji, kuma kowane kamfani a duniya haka yake yi, bisa doka. Akwai littafi da ake kira MEL, wanda hukuma ta sa wa hannu, ya jera abubuwan da za a iya tashi ba su, da sharaɗin kowanne, da wa'adinsa. Rukunin B kwana 3 ne, C kwana 10, D kwana 120, A kuma wa'adinsa a rubuce yake a gaban abin. Abin da ba ya cikin littafin, in dai ya shafi lafiyar tashi, to jirgi ba ya motsi. Misali, ɗan ƙaramin injin da ke cikin wutsiya, mai ba da wuta da sanyi a ƙasa, idan ya ƙi aiki ana iya tashi, amma sai an jawo janareta da motar iska daga waje an tayar da babban inji. Fasinja zai ji zafi kafin a tashi ya zaci jirgin ya lalace. Idan na'urar sanyaya ɗaki ɗaya cikin biyu ta mutu a 737, ana tashi amma ba a wuce ƙafa 25,000, wanda ke cin mai, don haka doguwar hanya ba ta yiwuwa. Makanike ya rubuta a littafin jirgi, ya manna takarda a kan makunnin, kyaftin ya duba, kuma yana da ikon ya ce bai karɓa ba. Inda ake gane kamfanin da ya fara gazawa shi ne tarin irin waɗannan a jirgi ɗaya, da yawan neman ƙarin wa'adi, da matsalar da ake rufewa yau ta dawo jibi.

Sabis kuwa hawa-hawa ne. Kafin kowane tashi ana zagaya jirgi da ido. Kullum ana duba man inji da tayoyi da birki. Tayar 737 tana shan iska wajen 200 a ma'aunin da tayar mota ke shan 32 zuwa 35, kuma naitirojin ake sa mata don kada ta kama wuta idan birki ya yi zafi. Ƙa'idar masu ƙera taya ita ce idan aka same ta ta ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari a cire ta, idan ta ragu da fiye da 20 a cire har da 'yar'uwarta da ke kan gatari ɗaya, don ita ta ɗauki nauyin biyu. Birki yana da ɗan tsinke da ke leƙowa, yana shigewa yayin da birkin ke cinyewa, idan ya yi daidai da bakin ramin an gama da shi. Ƙaramin sabis bayan awa 400 zuwa 800 na tashi, a dare ɗaya ko biyu. Babba bayan wata 18 zuwa shekara 3, ana buɗe bene da bango a nemi tsatsa da tsagewa, yana ɗaukar makonni. Mafi girma bayan shekara 6 zuwa 12 gwargwadon irin jirgin. Ƙafafun sauka ana cire su gaba ɗaya wajen shekara 10. A cikin inji akwai fayafayan da ake ƙirga musu tashi da sauka, idan adadin ya cika a cire a lalata su ko da suna ƙyalli.

Abin da ya fi cin inji a yankinmu ƙura ce. A sashen zafi na inji, wutar ta fi ƙarfin abin da ƙarfen ƙananan fukafukan da ke juyawa cikin injin ke iya jurewa, abin da ke hana su narkewa shi ne iska mai sanyi da ke fitowa ta wasu ramuka ƙanana kamar na allura a jikinsu. Ƙurar hunturu ta shiga ta narke ta manne, ta toshe ramukan, fiffiken ya fara ƙonewa daga baki. A gaba kuma tana goge fukafukan da ke matsa iska, inji ya koma sai ya ƙara zafi kafin ya ba da ƙarfin da ya saba. Ana bin tazarar da ta rage tsakanin zafin hayaƙinsa lokacin tashi da jan layi. Tana raguwa, a wanke injin da ruwa a maido da 'yan digiri, a zura kyamara mai siririn wuya ta ramukan da aka tanada a duba fukafukan ɗaya bayan ɗaya. Idan ta ƙare a sauke injin. Sababbin injuna irin LEAP sun fi tsofaffi tsimin mai saboda sun fi zafi, shi ya sa ƙura ta fi yi musu illa, kuma kamfanin da ya ƙera su ya yi ta sauya fasalin kayan sashen zafin saboda ƙasashe masu rairayi. Jirgin da ke tashi daga tudun Adis ya sauka a Kano ko Injamena ko Jidda yana shan duka biyun.

787 ɗinsu kuma wasu injin GEnx ne wasu Trent 1000 na Rolls-Royce. Trent ɗin ya ba kamfanoni da yawa wahala daga 2016, fukafukai na tsatsa suna tsagewa kafin lokaci, har a 2018 aka rage wa wasu nisan da za su iya yi daga filin sauka mafi kusa, daga minti 330 zuwa 140. Jirgi lafiyayye sai ya zauna yana jiran inji. Wannan daga maƙera ne.

Haka gobarar 787 ɗinsu a filin Heathrow na Landan, 12 ga Yulin 2013. Yana ajiye, ba kowa a ciki, wuta ta ci saman jikinsa kusa da wutsiya. Kowa ya zaci babban batir ne. Binciken Birtaniya ya gano wata ƙaramar na'ura ce mai aika sigina idan jirgi ya faɗi, ƙirar Honeywell: wayoyin batirinta biyu sun haɗe, murfi ya matse su, suka yi shot. Da aka duba na wasu kamfanoni an samu matsattsun wayoyi a can ma. An yi wa jirgin faci ya koma aiki.

Game da amana, ba zan ɓoye ba: a 2019 wani tsohon babban injiniyan kamfanin ya kai ƙara FAA yana zargin ana taɓa takardun gyara ana kuma matsa wa makanikai, kamfanin ya musanta. Abin da na waje zai iya riƙewa shi ne idon da ba na gida ba. Garejinsu na Adis yana da lasisin FAA da na hukumar Turai, EASA, yana gyara wa wasu kamfanoni jirage da injuna, kuma masu lasisin suna zuwa bincike. Jirginsu da ya sauka a Turai, sufeto na iya hawa ba sanarwa ya buɗe littafin jirgi ya duba tayoyi da lasisin matuƙa. Kamfanin ba ya cikin jerin waɗanda Tarayyar Turai ta hana shiga sararinta. Kuma kowane ƙarfe da za a ɗaura sai da takardar shaidar asalinsa. Kada a raina takardar nan: a 2023 aka kama wani dillali a Landan, AOG Technics, yana sayar da kayan injin CFM56 da takardun jabu, kamfanoni a ƙasashe da dama suka sauke injuna suna neman kayan. Ba maganar Habasha ba ce, misali ne na inda ɓarna ke shigowa.

Jinkirin da ya fi tsawo shi ne wanda ya kama jirgi a tashar waje. A Adis akwai sito da makanikai da wani jirgin. A Kano ko Yamai, idan abin ba ya cikin MEL, sai kayan ya biyo jirgi na gaba da mai lasisin ɗaura shi, kafin nan kuma awannin aikin matuƙa sun cika dole su kwanta. Gyaran awa ɗaya ya zama kwana.

Hajiya Mai Tsara Tafiye-tafiye ta rubuta:

Ƙari kaɗan, Alhaji. A takardar tikiti 738 na nufin 737-800, 7M8 na nufin MAX 8, 788 da 789 su ne 787, 359 kuma A350-900. A fili, ka dubi bayan murfin inji: na MAX yana da haƙora kamar zarto, na 737-800 sumul yake. Kada a dogara da bakin fiffike, don wasu 737-800 ma an sa musu mai reshe biyu. Lambar jirgin tana jikinsa kusa da wutsiya, tana farawa da ET, idan ka sa ta a manhajar bin sawun jirage ta Flightradar24 za ka ga tafiye-tafiyensa na kwanakin baya da ko yana yawan makara.

Jiragen Afirka ta Yamma da yamma zuwa dare suke isa Adis, na Asiya su tashi daga wajen goma na dare zuwa bayan sha biyu, don haka tazarar ba ta da yawa. A sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya, domin idan na farko ya makara nauyin sauya jirgi da masauki yana kan kamfani. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe Kano har jirgi ya kasa ganin titi ya juya Abuja ko Legas, wanda ke da alƙawarin rana a Gwanzu ya bar kwana ɗaya a tsakani.